Ruwan Inabin da Na Ɗauko wa Baba

Ranar Alhamis bayan la'asar, kwana shida da sallar layya, muna zaune a zauren gidanmu na gindin dutse, ni da Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, da Mati maɗinki, da Ɗanladi majemi wanda muka koyi sana'a tare. Mati ya soke allurarsa a jikin hula ya ce, "Habu, don Allah yau ka faɗi gaskiya. An ce da ka dawo daga ƙasar Faransa giya ka shigo da ita garin nan a tandu, har Malam mahaifinka ya sha."

Kawu Ilu ya ce, "Kai dai bakinka ba ya hutawa. Sau nawa zai ba ka labarin nan?"

"Sau huɗu, Kawu. Kuma kullum sai ya tsallake wajen tandun."

Ban taɓa tsallakewa ba. Mati ne ba ya iya zama har ƙarshen magana. Shekara uku ke nan ana yi mini wannan tambaya, a kasuwa da bakin masallaci da wajen jima, shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, daga fitata har dawowata.

Sana'ata zaɓen fata. A lokacin ina yi wa wani Balaraben Tarabulus da ke zaune a Kano aiki, Sidi Muftah, ina tantance masa jajayen fatun awaki. A shekarar ya yi niyyar kai kayansa da kansa ga mai sayensu a Faransa, ya ce in raka shi, domin in an buɗe ɗauri a can a samu wanda ya san kowace fata. Na zo Dutse neman izinin mahaifina, Malam Jibrin. Ya kusa tamanin, idonsa ya yi rauni, yana kuma fama da tari tun bazara. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambayi abu ɗaya: ko a ƙasar akwai inabi. Na ce Sidi ya ce akwai, har ya fi geron ƙasarmu yawa.

Ya ce, "Shekara hamsin ina karantar da mutane. Duk inda aka ambaci dabino a littattafanmu, sai inabi ya biyo shi. Dabino ga shi a garkarmu, na san shi tun yana fure. Inabi kuwa, in ɗalibi ya tambaye ni, sai in ce wani ɗan itace ne mai zaƙi, in yi sauri in wuce."

Na ce, "Ai ka ci zabibi, Baba. Inabi ne aka shanya."

"Kai majemi ne. In aka nuna maka busasshiyar fata, ka ga akuya ke nan? Ɗanyensa nake so in ɗanɗana kafin in tafi."

Na yi masa alkawari. Ban san nisan hanyar ba a lokacin.

Mun tashi da jakuna, don layin dogo bai kai Ringim ba tukuna. Kwana uku muka yi zuwa Kano, ta Gaya da Wudil. A Wudil kogi ya cika, wani jaki ya shiga jirgin fito ya zauna daram a tsakiya kamar mai jiran a kawo masa tuwo, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi a ɗaya gaɓar. Daga Kano jirgin ƙasa ya kai mu Ikko. Can na fara cin teba da miyar manja, barkonon ya sa na yi hawaye a gaban mai abincin, ta ƙara mini ruwa tana dariya.

Jirgin ruwa ya ɗauke mu kwana goma sha tara. Kwana huɗun farko ban san inda kaina yake ba saboda jiri da amai. Wanda ya taimake ni wani Basenegale ne mai zuba wa injin gawayi, sunansa Usmanu, ƙato, baƙi wuluk, mai sanyin murya. Shi ya riƙa nuna mini alƙibla, domin a teku tana canjawa: da muka tashi tana gabas, da muka yi arewa sosai sai ta koma kusan kudu maso gabas. Na daɗe ina mamakin wannan. Guzurina kilishi ne da ƙuli-ƙuli da jaka biyu na dabinon garkar Baba.

A bakin gaɓar Marsiliya aka jera mu. Likita ya duba harshena, ya ɗaga fatar idona. Mai rubutu ya tambayi ranar haihuwata, Sidi yana fassarawa. Na ce shekarar da fari suka cinye gero sau biyu. Ya dube ni, ya dubi Sidi, ya rubuta abin da ya ga dama. Mu an bar mu mun wuce, amma fatun aka ce sai sun yi kwana ashirin a rumbun gwamnati ana yi musu hayaƙi, don tsoron cutar dabbobi. Mai sayen fatun, wani tsoho majemi da ake kira Anton, ya ce ba zai bar baƙinsa a masaukin bakin teku ba. Ya sa mu a keken doki, muka yi wuni guda muna hawa tudu zuwa ƙauyensu.

Da hantsin washegari na ga gonakin. Na zaci inabi babbar bishiya ce kamar tsamiya. Ashe bai fi auduga tsayi ba. An shuka shi layi-layi, daga ƙasan kwari har kan tudu, tudu bayan tudu, iyakar ganin ido, ba layin da ya karkace. Ƙasar kuwa tsakuwa ce zalla, irin wadda a wajenmu ko gyaɗa ba za a ɓata a kai ba. Kowace kuranga, wato itacen inabin, tana ɗauke da nonon inabi, kamar yadda muke cewa nonon dabino, wasu baƙi-baƙi da ƙura-ƙura a jiki, wasu kore masu ɗaukar hasken rana har ana ganin ƙwayar ciki. Lokacin girbi ne. Mata da maza da tsofaffi duk suna cikin layuka da 'yan wuƙaƙe da kwanduna.

Anton ya yanko nono guda ya miƙo mini. Na yi bisimilla na sa ƙwaya ɗaya a baki. Fatar tana da ɗan ƙarfi, sai ta fashe, ruwa mai sanyi ya cika bakina, zaƙi a gaba, ɗan tsami a baya, ɗan bauri a ƙarshe. Ba ɗinya ba ne, ba kanya ba, ba tsada ba. Na riƙe ruwan a bakina, har Sidi ya ce, "Ya Habu, ka haɗiye, akwai saura."

Tsohon ya durƙusa ya nuna mini wani kumburi a gindin kurangar. Ya ce a zamanin mahaifinsa wata cuta ta kashe gonakin ƙasar kaf, sai suka samo saiwar wata ƙasa mai jure cutar, suka tsaga ta suka ɗaura reshen nasu a kai. Saiwa baƙuwa, 'ya'ya na gida. Na ba shi labarin yadda Baba yake hawa dabino ya ɗaura furen namiji a jikin na mace. Ya sa Sidi ya maimaita masa sau biyu.

Abincinsu shi ne abin da ya fi ɗaure mini kai. Matar Anton, Uwargida Roza, gajeriya ce mai faɗa da kirki. Da ta ji ba ma cin alade, sai ta wanke tukunyarta sau uku a gabanmu, ta jawo ɗan rago ta ba ni wuƙa ta ce in yanka da kaina. Suna ci a tebur, abinci kashi-kashi, kuma kowane kashi da giyarsa. Miyar kifi mai tafarnuwa, da farar giya, wadda suka sanyaya a rijiya. Naman rago da aka gasa da wani ganye mai ƙamshi na kan tudu, da jar giya. Cuku mai wari, da wata ja mai duhu wadda ta shekara bakwai a ganga. 'Yar waina mai zaƙi, da wata mai kalar zuma a ƙaramin kofi. Ban ga wanda ya bugu ba a teburin nan. Suna sunsunawa, su kurɓa kaɗan, su yi gardama a kai kamar yadda dillalai ke gardama a kan doki.

Roza ta cika kofi ta ajiye a gabana. Na ture shi a hankali. Ta sake turo shi. Sidi ya yi mata bayani, ta riƙe ƙugu ta yi magana mai tsawo.

Na ce, "Sidi, me ta ce?"

"Ta ce rago ya mutu a banza, tunda da ruwa za ka bi shi. Mijinta kuma ya ce ruwa na wanke ƙafa ne."

Na ce a gaya musu mu ma da shi muke wanke ƙafa, sau biyar a rana, kuma bai hana mu sha ba. Anton ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya tambaya da gaske: a ƙasarmu ba mu san abin sha da ya dace da kowane abinci ba? Na buɗe baki zan ce babu, sai na tuna. Wa zai ci ƙosai da safe ba koko ko kunun tsamiya? Wa zai dama fura da madara alhali ga kindirmo? Kuma kindirmon Fulanin Jahun na kaka, lokacin da shanu ke cin harawa, ba ɗaya yake da na rani ba, kowace mace a gidanmu tana ganewa da cokali ɗaya. Da Sidi ya fassara, Anton ya bugi tebur ya ce, "Ya gane! Mutumin nan ya gane!"

Ya kai mu ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda gangunan katako suke, kowace ta fi rumbun gero girma, wurin sanyi kamar cikin randa. Ya ce in aka rufe masa ido zai faɗi daga wane tudu kowace ta fito. Ban yarda ba. Na ciro dabino biyu daga guzurina, ɗaya na bishiyar da ke manne da dutse, ɗaya na bakin fadama, na ba shi ban gaya masa wanne ne wanne ba. Ya tauna na farko, ya kurkure baki, ya tauna na biyu. Ya ɗaga na farkon ya ce wannan ya sha wahala, ƙasarsa busasshiya ce, shi ya sa ya fi daɗi. Haka Baba yake faɗa a kan bishiyar nan, kalma da kalma.

Washegari Roza ta matse inabi da hannunta a gabana, ta tace, ta dangwarar mini da kofin. Sidi ya ce wannan halal ne, ruwan ɗan itace ne kawai. Na sha, ta tsaya a kaina har na shanye, daga nan muka shirya. Akwai kuma ɗanyen ganye da take kawowa kullum, ta zuba masa man zaitun da wani ruwa mai tsami. Sidi ya ce sunansa khal, ana ci, har a littattafanmu an san shi. Ban tambayi daga ina ake samunsa ba.

Duk wannan lokaci alkawarin Baba yana raina. Na gwada ajiye nonon inabi a ɗakina: kwana huɗu ya yi laushi, kwana shida ya yi funfuna. Tafiyarmu gida kuwa za ta fi kwana arba'in, don a dawowa jirgin yana tsayawa a kowace gaɓa. Sai na yi tunani irin na majemi. Ina da sabon tandu da na zo da shi, irin wanda muke zuba zuma ko man shanu mu toshe da kaki ya shekara. Ana gobe za mu tashi na roƙi kwando guda, na wanke hannu, na matse da kaina, na tace da sabon rawani, na cika tandun, na toshe, na liƙe da kakin zuma.

Ban tambayi kowa ba, kuma ga dalili. Na taɓa ganin yadda ake burkutu a ƙauyukan kudu da mu: sai an jiƙa dawa ta yi tsiro, an niƙa, an dafa, an sa mata abin da zai tayar da ita. Na ɗauka giyar inabi ma haka take, akwai abin da suke zubawa a gangunan nan. Ni ban sa tsiro ba, ban kai wuta ba, ban ƙara komai ba. A lissafina ruwan inabi zai zauna ruwan inabi har Dutse.

Da za mu hau keken doki, Anton ya ba ni wasu sanduna biyar, kowace kamar tsawon kamu ɗaya, a tsaye cikin gwangwani mai jiƙaƙƙen yashi. Ya ce kada in bar yashin ya bushe. Na karɓa don kunya. A idona ƙirare ne.

Rana ta uku a teku, da azahar, muna zaune a inuwar kaya ni da Sidi da Usmanu, wanda muka sake dacewa da jirginsa. Na lura tandun ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Na kai hannu ke nan sai toshiyar ta tashi da ƙara, ta bugi rumfar jirgi, kumfa ta yi tsiri ta wanke mini riga. Warin da ya tashi na san shi. Shi ne na ɗakin gangunan Anton.

Usmanu ya kwanta yana dariya. Sidi ya ce, "Ya Habu, me ka zuba a nan?"

Na faɗa masa. Ya riƙe gemu ya ce, "La ilaha illallahu. Ɗan malam ya zama mai giya. Ba a sa masa komai, Habu. Ƙurar nan da ka gani a jikin 'ya'yan, ita ce tsironsa. Da kansa yake juyawa."

Na ɗauki tandun na nufi bakin jirgi. Rabinsa ya zube, rabi yana nan. In na jefa shi, na koma wa Baba hannu wofi, kuma ban san ko zan same shi ba ma. In na riƙe, giya nake ɗauke da ita zuwa gidan mai karantarwa. Sidi ya biyo ni ya kama hannuna.

"Haramun ne in ɗauka, Sidi."

"To kada ka ɗauka. Ajiye shi can bayan kaya, ka ɗaure bakinsa da ƙyalle, kada ka toshe. Mahaifiyata haka take yi a Tarabulus. Wanda ya juya shi karo na farko zai sake juya shi, in ka yi haƙuri. Tsamin nan da Roza take zuba wa ganye, daga ina kake tsammani yake?"

Na ajiye shi, raina ba daɗi. Na wanke rigata sau bakwai da ruwan teku. Kullum da safe in jiƙa yashin Anton, in wuce tandun ban dube shi ba. A jirgin ƙasa daga Ikko muka haɗu da wani ɗan garinmu mai fataucin goro, ba zan faɗi sunansa ba. Ya sunsuna kayana, ya dube ni, ya koma wani benci. Ya riga ni isa Dutse da kwana biyu. Mati, ga inda labarinka ya fito.

Na iso da hantsi, an gama yankan gero. Baba yana kwance a rumfar tsakar gida, ya rame har na ji tsoro. Inna tana gefensa, Kawu Ilu ma yana nan, shi ne shaidata. Bayan gaisuwa Baba ya ce, "An ce ka zo mini da tsaraba mai wari."

Na ajiye tandun nesa da tabarmarsa, na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce, "Na kasa cika alkawari, Baba. Ban san ma ko abin nan ya halatta ya kwana a gidan nan ba. Kai za ka yanke."

Ya ce a tayar da shi zaune. Ya ce in kwance ƙyallen in matso. Ya sunsuna, ya kau da kai, ya yi atishawa, ya sake sunsunawa a hankali.

"Kwana nawa yana buɗe?"

"Arba'in da ɗaya."

Sai na ga yana murmushi. "Wannan babin ma na karantar da shi ya fi sau ɗari. Giya in ta koma khal ta tsarkaka, ita da abin da take ciki. Ina faɗa, ɗalibai suna gyaɗa kai, ni da su ba wanda ya taɓa gani. Miƙo."

Ya tsoma ɗan yatsa ya lasa. Fuskarsa ta tattare gaba ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Inna ta ce, "Malam, tofar mana!" Bai tofar ba. Ya ce, "Habu, wannan ne abin da aka haɗa da dabino?"

"A'a, Baba. Wannan abin da ya zama ne. Shi kansa zaƙi gare shi, da sanyi."

"To zauna ka faɗa mini. A hankali. Fara daga fatar."

Na faɗa masa kamar yadda na rubuta a sama, ya sa na maimaita. Na ba shi labarin Anton da dabinon jikin dutse, ya ce, "Allah ya shirye shi, manomi ne." Sannan ya tambaya da me suke cin tsamin. Na ce da ɗanyen ganye da mai. Ya juya wajen Inna ya ce a yi masa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kada a sa tsamiya. Ya ɗiga khal ɗin da kansa. Inna ta ce rabonsa da cinye kwano tun kafin azumi.

Yana wanke hannu ƙafarsa ta taɓa gwangwanin. Ya shafa sandunan ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan wata, ya murza da babban yatsa. Ya ce, "Kai, majemi! Wannan ai da rai. Ga ido nan ya kumbura. Ka ɗauko abin da na aike ka, kana ta ba ni haƙuri a kan tandu?"

A ranar ya sa aka ɗauke shi zuwa garka. Ya zaɓi wuri mai tsakuwa kusa da rijiya, ƙarƙashin dabinon jikin dutse, na dasa su yana gaya mini zurfin rami.

Huɗu sun bushe. Ɗaya ta yi ganye bayan wata biyu, Baba ya shafa ganyen da hannunsa. Ya rasu kafin saukar damina, Allah ya jiƙansa. Bana kurangar ta yi nono biyu. Na kai wa Inna ɗaya, ɗayan na raba wa tsofaffin ɗalibansa, ƙwaya ɗai-ɗai, ta kai mutum talatin da ɗaya.